Iskar balan-balan ɗin biki: daga ina take zuwa, kuma me ya sa asibitoci ke fargabar rasa ta?



Yau a kan balan-balan za mu yi magana, kuma kar ka yi saurin yin dariya. Ka san iri biyu ne. Akwai wanda kake hurawa da baki, ka ɗaure, ya faɗo ƙasa yara su yi ta ƙwallo da shi. Akwai kuma wanda masu kwalliyar wurin biki ke zuwa da shi, ko masu sana'ar kai wa budurwa kyautar ba-zata ranar zagayowar haihuwarta, wanda in ka saki zaren sai ya yi sama ya manne a silin, in kuwa a fili ne sai dai ka raka shi da ido. Abin da ke cikin na biyun nan sunansa hiliyam. Ya fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi da kusan ninki bakwai, shi ya sa yake tashi kamar yadda gora ke tasowa saman ruwa.

To wannan ɗan abin da kika saya don hoton minti biyar, 'yar'uwa, ya ɗauki miliyoyin shekaru yana taruwa a ƙarƙashin ƙasa. Babu masana'antar da ke ƙera shi a duk faɗin duniya. Tono shi ake yi. In ya fice kuma ya fice ke nan. Sannan shi ne dai abin da ke riƙe da injin MRI, wannan da likita ke tura mutum ya shiga idan ana zargin ƙari a ƙwaƙwalwa ko matsala a laka. Ranar da hiliyam ya yanke wa irin wannan injin, injin ya zama tarin ƙarfe.

A rana aka fara ganinsa

Abin da ya fi burge ni a tarihin hiliyam shi ne an san da shi a jikin rana shekara 27 kafin wani ɗan'adam ya same shi a doron ƙasa.

Ga yadda abin yake. In ka watsa gishiri a wutar risho ko ta gas za ka ga harshen wutar ya koma rawaya. Sinadarin sodiyom da ke cikin gishirin ne ke ba da wannan launi, kuma kowane sinadari yana da nasa launin da ba ya canzawa, kamar zanen yatsa. Idan aka bi da haske ta cikin wani gilashi mai kusurwa uku, hasken zai baje kamar bakan gizo, sai a ga layuka a wurare daban-daban, kowane layi na nuna sinadarin da ya fitar da shi. Da wannan dabarar masana ke karanta abin da ke cikin rana da taurari daga nan inda suke zaune.

Ranar 18 ga Agusta, 1868, an yi husufin rana da aka gani sosai a Indiya. Wani Bafaranshe masanin taurari, Jules Janssen, ya yi tattaki har garin Guntur da kayan aikinsa don ya duba harsunan wutar da ke tashi a gefen rana lokacin da wata ya rufe fuskarta. A cikin layukan da aka gani akwai wani mai launin rawaya. Bayan wata biyu, a Ingila, Norman Lockyer ya ga wannan layin shi ma. Da aka auna sai aka ga yana kusa da na sodiyom amma bai faɗa daidai wurinsa ba, kuma babu wani sinadari da aka sani wanda ya dace da shi. Lockyer ya ce to sabon abu ne, ya raɗa masa suna daga kalmar da Girkawa ke kiran rana da ita, wato heliyos. Da yawa daga cikin masanan zamanin ba su yarda ba. Ni ma da ina wurin ban san ko zan yarda ba: mutum ya ce maka ya gano wani abu a wuri mai nisan kilomita miliyan 150, shaidarsa kuma layi ɗaya tal.

Sai a watan Maris na 1895 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Sikotlan, William Ramsay, ya zuba ruwan asid a kan wani dutse mai ɗauke da yuraniyom. Wata iska daban yake nema, wadda ake kira argon. Da ya duba hasken iskar da ta fito daga dutsen, sai ga layin nan na rana. Ka riƙe kalmar yuraniyom ɗin nan, za mu dawo kanta.

Ko bayan nan ana ɗaukar hiliyam abu ne mai wuyar samu, ɗan mitsitsi a kwalba a ɗakin bincike. Wani abin kunya da ya faru a wani ƙauye a jihar Kansas ta Amurka ne ya sauya lissafin. A 1903 masu haƙa suka ci karo da gas a garin Dexter, yana fitowa da ƙarfi da ƙara. Mutanen gari suka ce kakarsu ta yanke saƙa, arziki ya zo. Aka sa rana, aka tara jama'a, aka yi jawabai, aka shirya kunna wa rijiyar wuta don kowa ya shaida. Aka cinna wa damin ciyawa wuta aka tura shi bakin rijiyar. Gas ɗin ya hure wutar ta mutu murus. Aka sake, ya sake kashewa. Jama'a suka watse jiki a sanyaye.

Wani masanin duwatsu na jihar ya ɗebi gas ɗin ya kai Jami'ar Kansas. Aka gano mafi yawansa naitirojin ne, shi ya hana shi ci da wuta. A 1905 kuma malamai biyu, Hamilton Cady da David McFarland, suka gano kashi 1.84 cikin 100 na gas ɗin hiliyam ne. Ashe abin da ake nema da fitila yana nan jibge a ƙarƙashin gonakin tsakiyar Amurka.

Me ke haifar da shi a cikin ƙasa?

Nan akwai abin ɗaure kai. A faɗin sararin samaniya hiliyam ne na biyu a yawa bayan haidirojin. Kusan rubu'in nauyin duk abin da ake iya gani, shi ne. Masana sun ce mafi yawansa ya samu ne tun mintocin farko na samuwar sararin, ragowar kuma taurari ke dafa shi. Ranar nan da ke ƙona mu a watan Afrilu tana narka haidirojin kimanin tan miliyan 600 a kowace daƙiƙa tana mayar da shi hiliyam, zafi da hasken da ke iso mu daga wannan aikin suke fitowa.

Amma mu a nan duniya ba mu da rabo a wancan. Hiliyam ba shi da nauyin da ƙasa za ta iya riƙe shi har abada, kuma ba ya haɗuwa da komai. Haidirojin ya fi shi rashin nauyi, amma shi yana auren oksijin su zama ruwa, ya zauna. Hiliyam tuzuru ne, ba ya kama hannun kowa. In ya shiga iska sai ya gauraya da ita, a hankali ya kai can ƙololuwa, daga nan ya sulale ya bar duniyar. A cikin iskar da kake shaƙa yanzu, in an raba ta kashi miliyan, kashi biyar da ɗan ɗoriya ne kacal nasa. A ce za a tace wannan a sayar, kuɗin wutar lantarkin kaɗai ya isa ya karya mai jari.

Wanda muke amfani da shi daga duwatsu yake fitowa. Ƙwayar zarrar yuraniyom ta yi nauyi da yawa, ba ta da natsuwa, don haka lokaci-lokaci takan tofar da ɗan gutsure daga jikinta. Haka ma ɗan'uwansa toriyom. Wannan gutsuren, da masana ke kira alfa, shi ne cibiyar ƙwayar hiliyam. Ernest Rutherford da Thomas Royds ne suka tabbatar da haka a Manchester a wajajen 1908. Ƙwayar yuraniyom guda kan haifi ƙwayar hiliyam takwas kafin ta huce ta zama dalma. Sai dai fa ba ta sauri. In ka ajiye kilo ɗaya na yuraniyom irin wanda ya fi yawa a ƙasa, sai ya shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe.

Wato yanzu haka da kake karanta wannan, yuraniyom ɗin da ke ƙarƙashin Arlit a jihar Agadez, inda ake haƙa tun 1971, yana nan yana tofar da hiliyam. Haka yashin da masu haƙar kuza suka bari a tsaunukan Jos, wanda ke ɗauke da ma'adinin monazait mai toriyom. Kar ka ce to ai mun yi arziki. Samun yuraniyom kaɗai bai isa ba. Ƙwayar hiliyam ƙarama ce ƙwarai, tana bi ta ƙofofin da ido ba ya gani. Shi ya sa balan-balan ɗin roba da aka cika da yamma za ka tarar ya yi laushi ya sauko da safe. Kafin ya taru har ya yi amfani sai an dace da abubuwa a wuri ɗaya: tsohon dutse mai yuraniyom a can ƙasa, tsagar da zai bi ya hau, dutse mai ramuka kamar soso da zai zauna a ciki, sannan murfi a sama wanda ba ya yoyo, irin shimfiɗar gishirin ƙasa. Irin wannan tarkon shi ne kuma ke kama iskar gas, shi ya sa kusan duk hiliyam ɗin duniya a cikin gas ake samunsa, kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Yawancin rijiyoyin gas abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Masu harkar kan ce sai ya kai wajen kashi 0.3 cikin 100 kafin tace shi ya biya kuɗin wahala.

Sanyin da babu mai iya ba da shi sai shi

Da a ce aikin hiliyam ɗaga balan-balan ne kawai, da babu wanda zai rasa barci a kansa.

Kowace iska in ka sanyaya ta sosai za ta zama ruwa. Naitirojin na zama ruwa a digiri 196 ƙasa da sifili. Hiliyam shi ne na ƙarshe da ya miƙa wuya: sai a digiri 269 ƙasa da sifili, saura digiri huɗu kacal a kai iyakar sanyi, inda babu sauran wani sanyi a bayansa. Wani farfesa a birnin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes, shi ya fara mayar da shi ruwa a watan Yulin 1908 bayan shekaru yana fama. Bayan shekara uku ya sanyaya zaiba da wannan ruwan, ya tura mata lantarki, sai ya ga wani abin da ba a taɓa gani ba: lantarkin na wucewa babu wata turjiya ko kaɗan.

Ka san yadda cajar wayarka ke ɗaukar zafi, ko wayar hita ta yi ja? Turjiya ce, waya na cinye wani kaso na wutar tana mayar da shi zafi. To wasu ƙarafa in suka yi sanyi irin na ruwan hiliyam, wannan turjiyar na ɓacewa gaba ɗaya. In ka naɗe irin wannan waya ka zuba mata lantarki ka haɗe bakinta biyu, lantarkin zai yi ta zagayawa shekara da shekaru ba tare da an ƙara masa komai ba.

Cikin injin MRI ke nan. Ramin nan da ake tura majinyaci, a kewaye da shi akwai wayar niyobiyom da taitaniyom mai tsawon kilomitoci, a naɗe, a nutse cikin ruwan hiliyam da ya kai lita 1,500 zuwa 2,000 a irin injinan da aka saba da su. Lantarkin da ke zagaya wayar ne ke haifar da maganaɗisu mai ƙarfin da ya ninka na duniya sau wajen 30,000. Da shi ake karkato ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan jikinka, a saurari amsar da suke bayarwa, kwamfuta ta zana hoton ƙwaƙwalwa ko laka ko gwiwa ba tare da an tsaga ka ba. Wannan maganaɗisun ba ya barci, dare da rana a kunne yake, ko an tashi daga aiki. Shi ya sa ma'aikata ke tsananta maka kan makulli da 'yan kunne da tsabar kuɗi kafin ka shiga ɗakin. Ba fi'ili ba ne. Tukunyar oksijin sukutum injin na iya fizga.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A saman injin akwai wani ɗan injin sanyaya da ke aiki ba tsayawa, yana mayar da hiliyam ɗin da ya fara tururi zuwa ruwa. In ka taɓa shiga ɗakin za ka ji wani sauti na maimaita kansa kamar kukan tsuntsu, shi ne. Wannan ɗan injin da lantarki yake aiki. In aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi ko dizal ya ƙare, aka ɗauki lokaci a haka, hiliyam zai fara tsiyayewa ta bututu. In ya ragu ya wuce ƙima, ko wani sashe na wayar ya ɗan ɗumama, turjiya ta dawo nan take, wayar ta yi zafi, ruwan ya tafasa cikin 'yan mintoci. Lita ɗaya ta ruwan na zama sama da lita 700 ta iska. Sai dai a ga farin hayaƙi na tashi ta bututun rufin asibiti. Daga nan sai an nemo sabon hiliyam daga ƙasar waje da dala, a nemo injiniyan da zai sake sanyaya injin ya tayar da shi. Makonni na iya wucewa, wani lokaci watanni, majinyata kuma a ce musu su tafi wani gari.

Don haka in ka ji kuɗin hoton MRI ka riƙe baki, ka sa wannan a lissafi. Hoton eksire da na siti-sikan ba ruwansu da hiliyam. Akwai kuma ƙananan injinan MRI masu maganaɗisun dindindin da ba sa buƙatarsa, kuma ana samun irinsu a asibitocinmu, sai dai hotonsu bai kai na manyan fitowa tangaran ba.

Sauran ayyukansa zan bi da sauri. Masana'antun da ke yin ƙwaƙwalwar wayarka da zaren gilashin da ke ɗauko intanet suna amfani da shi. Ana walda ta musamman da shi, ana gano yoyo a bututu da shi tunda babu ƙofar da ta yi masa ƙanƙanta, ana matsa man roka da shi, masu nutso cikin teku mai zurfi suna shaƙarsa gauraye da oksijin. Babban injin binciken ƙwayar zarra na CERN, mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, yana riƙe da kimanin tan 120, a sanyin da ya zarce na sararin samaniya.

Rumbun da aka yi gwanjonsa

Shekaru da dama kusan Amurka kaɗai ke da shi, kuma ta riƙe shi kamar makami. A lokacin manyan jiragen balan-balan ne ake yayi, sojoji na son su, haidirojin da ake cika su da shi kuma ga kama wuta. A 1925 gwamnati ta kafa rumbun ajiya na ƙasa a kusa da Amarillo a jihar Texas, bayan nan ta hana fitar da shi waje. Jamusawa sun tsara katafaren jirginsu Hindenburg, mai tsawon mita 245, da niyyar cika shi da hiliyam. Ba su samu ba, suka cika shi da haidirojin. Ranar 6 ga Mayu, 1937, ya kama da wuta yana shirin sauka a New Jersey, mutum 36 suka mutu.

Rumbun nan fa ba tankuna ba ne. Tsohuwar rijiyar gas ce da aka kwashe, aka riƙa ɗura hiliyam a cikin dutsen. Daga 1960, lokacin gasar zuwa sararin samaniya da Tarayyar Sobiyat, gwamnati ta yi ta saye daga kamfanoni tana turawa ta bututu mai ɗaruruwan kilomitoci tana tarawa. Zuwa 1995 an tara kimanin kubik mita biliyan ɗaya, shirin kuma ya ci bashin dala biliyan 1.4. 'Yan majalisa suka ce wannan wace irin asara ce, ana tara iskar balan-balan da kuɗin talakawa. A 1996 suka yi dokar a sayar a biya bashin.

A ganina nan aka yi babban kuskuren. Dokar ta tsara farashin ne don a biya bashi, ba ta duba abin da zai ci a sake samo irinsa ba. Shekaru ana zuba kaya a kasuwa da arha. In abu ya yi arha wa zai kashe kuɗi ya sayi na'urar kama shi bayan an yi amfani da shi? Wane kamfani zai gina sabuwar matata ya yi gogayya da gwamnatin da ke karyar da kaya? Robert Richardson na Jami'ar Cornell, wanda ya ci kyautar Nobel a 1996 kan binciken hiliyam, ya yi ta ƙorafi. A 2010 ya ce in da za a sa wa abin farashinsa na gaskiya, da balan-balan ɗin biki guda ya kai dala 100. An yi wa dokar kwaskwarima a 2013, amma sayarwa ta ci gaba, kuma a 2024 aka sayar da ragowar rumbun da bututunsa ga kamfanin Messer.

Yanzu duniya ta dogara ne kan wurare ƙalilan: Amurka, Katar, Aljeriya, Rasha, sai 'yan ƙanana irin su Kanada da Folan. Katar kaɗai na ba da kusan kashi ɗaya bisa uku. Abin mamaki, gas ɗinta ba shi da hiliyam mai yawa, bai kai ko kusa da 0.3 ɗin nan ba. Amma da yake tana sanyaya gas mai ɗimbin yawa ya zama ruwa don a loda a jiragen ruwa, hiliyam ne ke ragewa a sama bai narke ba, sai a kwashe shi a matatun Ras Laffan. Ka ga ke nan ɗan rakiya ne. Babu mai buɗe matatar gas saboda shi, babu kuma mai fasa rufe ta saboda shi.

A watan Yunin 2017 Saudiyya da ƙawayenta suka rufe iyaka da Katar. Tankokin hiliyam ta ƙasar Saudiyya suke bi a mota zuwa tashar ruwan Dubai. Hanya ta toshe, matatun suka tsaya na wasu makonni, kusan sulusin kayan duniya ya ɓace daga kasuwa saboda rigimar da ba ta da alaƙa da shi. A 2022 kuma abubuwa suka haɗu: sabuwar matatar Amur ta Rasha, wadda ake sa ran za ta cike giɓi, ta yi gobara a Oktoban 2021 ta sake yin wata a Janairu, na'urar rumbun Amarillo ta tsaya na watanni, ga yaƙin Yukren. Kamfanoni suka koma rabon kaya da ma'auni, jami'o'i a Amurka suka kashe wasu na'urorin bincike, hukumar hasashen yanayinsu ma ta rage balan-balan ɗin da take saki a wasu tashoshi. In masu dala a hannu sun shiga layi, kai ka san inda asibitin da ke Kano ko Zinder zai tsaya. Abin da ya ci Doma ai ba zai bar Awe ba.

Kuma ba kaya ne da za ka saya ka ɓoye don ranar tsiya ba. A cikin wasu manyan tankoki masu kama da fulas ake jigilarsa, kowanne na cin wajen lita 40,000, kuma duk ingancin tankin, bayan wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi zai fara tsiyaya. Jinkiri a tashar jirgin ruwa asara ce kai tsaye.

To ƙarewa zai yi?

Za ka ga kanun labarai na cewa saura shekara kaza hiliyam ya ƙare. Ni ban cika sayen wannan ba. Akwai sauransa da yawa a ƙasa. Abin da ke akwai shi ne muna kwasarsa cikin shekaru alhali cikin miliyoyin shekaru ya taru, kuma mai sauƙin samun shi ke fara tafiya. Babbar ɓarnar ma ba a wurin biki take ba. Duk gas ɗin da aka haƙo aka ƙona a injin wuta ko a murhu ba tare da an bi da shi ta matatar hiliyam ba, ɗan abin da ke cikinsa ya bi iska, babu wanda ya gani balle ya yi hoto. Masu sayar da na balan-balan kan kare kansu da cewa nasu mara tsafta ne, wani ma tururin da aka kama ne wajen cika manyan tankoki. Akwai gaskiya a ciki, duk da cewa shi ma da an so a tace shi da an tace. Ni dai ba zan ce ki fasa kwalliyar bikinki ba. Amma sakin ɗaruruwan balan-balan sama don bidiyon daƙiƙa talatin, wanda robarsa za ta faɗo a gonar wani akuya ta haɗiye, wannan kam ban ga ribarsa ba.

Tunda mun zo nan, abu biyu da suka shafi lafiyarka. Na farko wasan nan na shaƙar hiliyam don murya ta koma ta 'yar tsana. Sauti na gudu a cikinsa kusan ninki uku na yadda yake gudu a iska, shi ke sauya amon muryar. Shi ba guba ba ne, amma yana kore oksijin daga huhu, kuma jiki ba ya jin alamar shaƙewa, sai dai mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wanda ya kafa baki a tukunyar kai tsaye kuwa, ƙarfin iskar na iya fasa masa huhu. An rasa rayuka ta haka. Na biyu, saboda tsada, akwai masu cika balan-balan da haidirojin su ce maka hiliyam ne. A ido ba ka bambance su. Bambancin na fitowa ne lokacin da aka matso da kyandir ɗin kek ko abin tartsatsin nan da ake kunnawa: hiliyam ba ya ci da wuta, haidirojin kuwa fashewa yake da harshen wuta a fuskar wanda ke riƙe da shi. In farashin ya yi arhar da ta ba ka mamaki, tambayi mai kayan ka ga tukunyar da ya cika da ita.

A ɓangaren nema kuwa an fara abin da ba a saba ba, wato fita neman hiliyam don kansa. Duk wanda aka samu a baya tsintuwa ce wajen neman mai da gas. A 2016 masana daga jami'o'in Oxford da Durham tare da kamfanin Helium One suka sanar da gano shi a yankin Rukwa na Tanzaniya, suka ƙiyasta kubik ƙafa biliyan 54. A can zafin duwatsu masu aman wuta ne ke gasa tsofaffin duwatsu yana koro hiliyam ɗin sama, har yana ɓuɓɓugowa a maɓuɓɓugan ruwan zafi, a wasu wuraren ya kai kashi 10 cikin 100. Ƙiyasi daban, kaya a tanki daban. Shekaru aka kwashe ana haƙa rijiyoyin gwaji. A Afirka ta Kudu ma, a yankin ma'adinan zinare na lardin Free State inda duwatsun ke da yuraniyom, kamfanin Renergen ya fara fitar da ruwan hiliyam kaɗan-kaɗan. Kai da ke karatun ilimin duwatsu kana tunanin in ba kamfanin mai ba babu aiki, ga wani layi nan.

Masu ƙera injin MRI su ma sun farga. A 2018 Philips ya fito da injin da aka rufe hiliyam ɗinsa ruf tun daga masana'anta, lita 7 kacal maimakon 1,500, ba a ƙara masa har ya tsufa. Siemens ya biyo da wani mai ƙasa da lita ɗaya. Irin waɗannan ba sa buƙatar bututun rufi, kuma in wuta ta yanke suka ɗumama, hiliyam ɗin na nan a ciki, in wuta ta dawo a sake sanyaya su. Kamar don mu aka yi su. Matsalar ita ce sababbi ne, kuɗinsu na sababbi ne, injin MRI kuma na iya shekara goma sha yana aiki. Asibitin Turai da ya sayi sabon ba ya zubar da tsohon mai shan lita 1,500. Dillalai ne ke saye, su gyara, su yi masa fenti, su nemi mai saye a ƙasashen da ba sa iya sayen sabo.